Bencin Asibiti

Da aka kai ni aure wani ƙauye kusa da Dutsi, mutum ɗaya na samu da nake iya buɗe wa cikina, wato maƙwabciyata. Dangar kara ce tsakaninmu, ta nan muke miƙa wa juna gishiri da gulma. Ni 'yar Daura ce mai baki, ita kuwa kunya kamar ta kashe ta.

Tana goyon 'yarta ta uku ta ce mini tana son allurar tazarar haihuwa, mijinta ma ya yarda. A garin nan ba abin da mace ke tsoro kamar kwanika, wato ciki a kan goyo. Za a ce nononta ya lalace, a yi ta yi mata habaici a gidan suna, wai ba ta da haƙuri. Sai ka ce ita kaɗai ta yi wa kanta cikin.

Na raka ta asibiti ranar riga-kafi. Allurar tana nan, kyauta ma. Sai dai ƙofar ɗakin tana kallon bencin da mata ke zama, duk wadda ta shiga, labari zai riga ta isa gida. A kan bencin muka tarar da yayar mijinta a zaune.

"Me ya kawo ku?" in ji ta.

"Awon yarinya, Yaya," maƙwabciyata ta amsa, kanta a ƙasa.

Na zungure ta, na harare ta, ta ƙi motsi. Muka auna yarinyar muka dawo.

Kafin kaka ciki ya shiga. Ba ta gaya mini ba, wannan kuwa har yau yana ƙona mini rai. Wani jiƙo ta aika aka sayo mata a kasuwar Mashi don ya fita. Da hantsi na ji babur a ƙofarsu, na leƙa na ga an riƙe ta a tsakiya, zaninta ya jiƙe da jini. Ba ta dawo da rai ba. Aka ce ɓari ne. Na koma kamar ranar da aka kawo ni garin, ba mai ce mini ci kanki.

A zaman makoki ina wanke-wanke a bayan ɗaki, sai yayar mijin ta zo ta tsuguna kusa da ni.

"Ranar nan a asibiti," ta ce a hankali, "allurar na je yi. Da na gan ku sai na fasa."

Na ɗago na dube ta. Goyo ne a bayanta, cikinta kuma ya fara tasowa.