Dubu da Hamsin, da Ɗaya

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da abokin aikina da direba, kan wata lamba da ta hana ni sakat. Ƙungiyarmu tana haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyuka, kuma kafin a zaɓi gari sai an cike fom a waya, an rubuta yawan mutanensa. Wani ƙauye a Sabuwa an rubuta masa 100050. Kwamfuta ta ce ƙarya ne, ta fitar da shi daga layi, ga shi ranar Juma'a za a rufe sunaye. Ni kuwa na taɓa ganin hoton kududdufin da matan garin ke ɗiba. Raina bai ba ni in bar maganar ba.

Hanyar Dutsin-Ma ba laifi, sai dai shingayen jami'an tsaro, wani na bin wani. Lokacin kaka ne, an shanya masara a gefen titi, awaki na yi mata sintiri. Direbanmu mutum ne da bai yarda da shiru ba, kafin mu isa Kankara ya gama yanke wa malamar da ta cike fom ɗin hukunci: barci take yi.

Malamar 'yar Kankara ce, firamare take koyarwa, aka ɗauke ta aikin a lokacin hutu. Ta kawo mana fura da nono mai sanyi, na nuna mata lambar. Ta duba, ta ce ai daidai ne. Mai unguwa ya ce mata dubu da hamsin, ta buga dubu, 1000, ta bi shi da hamsin, 50. Na sake duba lambar a wayar. Ashe ba barci ba ne, yadda baki ya faɗa haka yatsa ya bi. Direba ya sunkuyar da kai cikin kwanon fura.

Abin ya ba ni sha'awa har na mai da shi wasa. Da muka bi ta Sheme muka shiga Faskari, muka zauna teburin mai shayi, na riƙa miƙa wa mutane wayata ina cewa su rubuta min dubu da hamsin. Wani ya rubuta 1050, wani 10050, wani tela ya yi irin na malama sak. Da na ce to dubu ɗari da hamsin fa, sai musu ya kaure. Rabinsu suka ce dubu ɗari ne da 'yan hamsin a kai, rabi suka rantse hamsin ɗin ma dubbai ne. Mai shayi ya ce in ba za mu ƙara kofi ba mu tafi da lissafinmu gaba. Shayinsa da burodi ɗari bakwai, kuma ya ci kuɗinsa.

A Funtua muka kwana, don ba mai bin hanyoyin nan bayan la'asar in yana da zaɓi. Abokin aikina, wanda shi ya tsara fom ɗin, ya zauna da magariba ya gyara shi. Yanzu in ka buga lamba, waya za ta rubuto maka ita da kalmomin Hausa a ƙasa, ka karanta wa mai amsa ya ji da kunnensa, sannan ka sake bugawa. In ta wuce hankali, sai ta tambaye ka ko ka tabbata.

Washegari muka bi ta Dandume, inda manyan motoci ke lodin hatsi, muka nufi Sabuwa. Daga nan mota ta ce iyakarta ke nan, muka hau babura. Layin waya ya ɗauke tun kafin mu bar kwalta, shi ya sa tun farko ba a iya gyara kuskuren daga ofis ba. Kafin mu ga rufin gari mun ga mata a jere da jarkoki, ruwan ciki kalar kunun kanwa. Nan wasan ya fita daga raina.

Mai unguwa dattijo ne mai fara'a. Shi ya bi gida gida ya ƙirga mutanensa lokacin rabon gidan sauro. Na ce, "Baba, a takarda an ce kun haura mutum dubu ɗari."

Ya yi dariya har da tari. "To ina muka ɓoye su? Mu da ko wanga ruwa bai isam mu."

Na buga 1050, na karanta masa abin da waya ta rubuto: dubu ɗaya da hamsin. Ina shirin sake bugawa ya ɗaga hannu.

"Dakata, Malam. Da ɗaya. Matar ɗana ta sauka shekaranjiya, ɗiya mace. Kan hanyar kududdufi naƙuda ta kama ta, da jarka bisa kai. Ka sa ta ciki."

Na goge, na buga 1051, na karanta masa, ya ce yanzu na yi daidai. Muna dawowa inda layi yake na tura, ban sauke wayar ba sai da na ga ya shiga.

Alhamis da yamma muka iso gida, bayana kamar an yi min duka. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne kada in yarda da lamba sai na mayar wa mai ita da baki ya ce haka ne. Ranar Juma'a sunayen suka fito, garin na ciki. Gobe sunan jikar mai unguwa, kuma ya aiko a ce min har yanzu ruwan kududdufi za a yi wa jaririyar wanka da shi, mu yi sauri.