Yahuza, Baƙon da Ya Ƙi Inuwa

Daga bakin Inna Basira na fara jin sunansa, tana tankaɗe a tsakar gida, ni kuma na dawo daga lakol, wato makaranta, ina cire takalmi. Ba ma sunan ta fara faɗi ba. Cewa ta yi, "Baƙon Babanku ya ƙi inuwa." Sai da na tambaya wane baƙo, sannan ta ce, "Wani wai shi Yahuza, mai kwana cikin mota." Ta taɓe baki, ta ci gaba da kaɗa rariyarta.

Baba Magaji yayan mahaifina ne, a hannunsa na tashi, Inna Basira kuwa matarsa ce. Gidan yana bakin kasuwar ƙauyenmu, kudu da Gazawa, kan hanyar da ta nufi iyaka. Tun zamanin kakanmu baƙin kasuwa a nan suke sauka, su aje kaya a zaure, su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tsohon icen bedin da ke ƙofar gida. Kowa kuma ya san ƙa'idar: wanda ya sauke ka, shi ake tambaya in wani abu ya biyo bayanka.

Wani direba ne ya haɗa Baba Magaji da Yahuza a tashar Gazawa. Ranar da Yahuza zai iso, ana tsakiyar bazara, Baba Magaji da kansa ya janye amalanke daga gindin bedi, ya sa aka share wurin. Sai ga wata tsohuwar bas ta ɓullo, tagoginta na baya an rufe su da labule, bisa rufinta kuma an shimfiɗa baƙaƙen farantai biyu masu sheƙi, irin na sola da muke kira pano. Mutumin ya sauko, siriri, mai furfura jefi-jefi. Ya durƙusa ya gaisa, ya sha ruwa, ya yi godiya har ta yi yawa. Daga nan ya dubi bedin ya ce, "Baba, a yi mani aikin gafara. Rana nike nema." Ya koma mota, ya zagaya bayan gari, ya tsaya a tsohuwar masussuka, fili fetal inda ko akuya ba ta yini.

Baba Magaji ya tsaya a wurin da aka share, ya bi motar da kallo. Tunda yake sauke baƙi, ya ga mai raina abinci, ya ga mai ƙorafin sauro, amma mai gudun inuwa a bazara bai taɓa gani ba.

Abin da aka sani na rayuwar Yahuza ba shi da yawa, mafi yawansa ma daga baya aka tsince shi. Haifaffen Sae Sabuwa ne. Ya yi yaron mota a hanyar Maraɗi, sannan ya zauna wani gareji ya koyi haɗa wayoyin wutar mota. A can ya lura da direbobi da 'yan kasuwar da ke bin kasuwanni ƙauye-ƙauye suna kwana cikin motocinsu. Su kunna fitila, su kunna rediyo, su jona wayoyin rabin tasha, gari na wayewa batir ya mutu, sai roƙon a tura. Shi ne ya fara ɗora pano bisa rufi, ya aje batir na biyu ƙarƙashin kujera, ya raba shi da na inji, yadda mutum zai sha iskar fanka har safe motarsa kuma ta tashi. Na farko da ya haɗa ya dafa batirin maigidansa har ya kumbura, don bai sa ɗan akwatin da ke tsai da wuta in batir ya cika ba. Ya sha zagi, ya koya.

Da ya samu hali sai ya sayi mushen bas, ya tashe ta, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, ya rataya fanka da buta da jakar kayan aiki. Ita ce ɗakinsa, ita ce kuma tallarsa. Da an gama kaka yakan bar iyalinsa a Sae Sabuwa ya shiga yawon kasuwanni, ruwan fari na sauka ya koma gona.

Aikinsa ba ya son igiya ko waya mai ɗaurewa. Huda rufi yake yi, ya sa ƙusa mai noti, ya yanko robar tsohon tayar keke ya liƙa don kada ruwa ya zuba, sannan ya daddake kan notin yadda ɓarawo ba zai kwance ba. Kullum da safe kuma yakan kafa ɗan tsani ya hau rufin motarsa da jiƙaƙƙen tsumma, ya goge ƙurar hanya da kashin tsuntsaye.

Hawan nan ne ya ja masa.

A shekarar an kore shanu daga wani ƙauye da ke yamma da mu, kuma maganar da ke bakin kowa ita ce ɓarayin ba a makance suke zuwa ba, akwai mai nuna masu. A garinmu mai shanun kirki shi ne Jaye, abokin Baba Magaji tun ƙuruciya, wanda kakanninsa makiyaya ne kafin su zauna su kama noma. Garkensa kuwa yana bayan gari, ba nisa da masussuka.

Bayan la'asar Jaye ya tare Baba Magaji a ƙofar masallaci.

"Magaji, baƙonka ƙadangare ne?"

"Kai dai ba ka rabo da neman magana."

"A'a, tambaya na yi. Na ga ba shi da aiki sai shan rana da ɗaga kai. Mi yake kallo daga can bisa?"

"Pano yake gogewa."

"Ni ma ina goge ƙwaryata, amma ba na hawa bisa in yi." Jaye ya rage murya, dariyar ta bar fuskarsa. "Ka san shi? Ka san ubanshi?"

Baba Magaji bai san ubansa ba. Ya san direban da ya haɗa su, shi ma ɗin sanin tasha.

Tun daga ranar idonsa ya buɗe a kan baƙon nasa, kuma duk abin da ya duba sai ya ga yana da fuska biyu. Yahuza ba ya rabo da waya a kunne, yana kiran sunayen ƙauyuka, yana tambayar ranar da kowace kasuwa ke ci. To, mai neman aiki haka zai yi. Mai kai labari ma haka zai yi. Cikin motar akwai ɗan akwati mai koriyar wuta tana ƙyafta ido dare da rana, yara suka ce da mutanen daji take magana. Baba Magaji ya kore su, amma da ya kai wa Yahuza tuwo ya ga wutar da idonsa, sai da ya ɗan ja da baya. Har godiyar mutumin ta fara damunsa. Me ya sa take da yawa haka?

A cikin gida ma ba a bar shi ya huta ba. Inna Basira ta ce matan gidajen baya sun daina fitowa tsakar gida da safe ba mayafi, wanka ma sai sun leƙa sun ga ko mutumin ya sauka. A wurinmu ko yaɓen soro mutum zai yi, ko sassabe reshe, sai ya ɗaga murya tukun ya ce za a hau, mata su kimtsa. Wannan kuwa kullum yana bisa, bai taɓa buɗe baki ba.

Ana haka mai gari ya aiko. Maganarsa gajeriya ce. Kafin kasuwa mai zuwa ta ci, Baba Magaji ya zo ya faɗa gaban mutane ko ya tsaya wa baƙonsa. In bai tsaya ba, za a kira jandarma daga Gazawa su zo su tafi da shi, su yi tambayarsu a can.

Baba Magaji ya san abin da kowace amsa ke ɗauke da shi. In ya janye hannu, ya miƙa mutumin da ya ci tuwonsa, abin da ba a taɓa yi a gidan ba. In ya tsaya, aka wayi gari garken Jaye babu komai, ba shi da sauran fuskar zama garin.

Da hantsi ya tafi masussuka. Ya tarar Yahuza ya kafa tsani, tsumma a kafaɗa.

"Dakata," in ji Baba Magaji. "Yau ni zan hau."

"Baba, tsanin ba shi da ƙwari."

"Ya ɗauke ka, zai ɗauke ni. Riƙe mani."

Ya naɗe riga, ya juya wajen gidaje ya ɗaga murya, "Za a hau! A kimtsa!" Ya ɗan saurara, sannan ya taka. Yahuza na ƙasa riƙe da tsani, da jin kiran nan ya saki baki.

Daga bisa, garin gaba ɗaya a buɗe yake kamar an cire masa hula. Ga tsakar gidan liman da shanyar matansa. Ga madafar Inna Basira, har tukunyar da ke kan murhu. Ga garken Jaye, ga ƙofarsa ta ƙaya, ga 'yar hanyar da ta bi ta bayan gonaki ta yi kudu. Da mutum zai nemi wurin da zai karanci garin nan, ba zai samu wanda ya fi wannan ba. Baba Magaji ya kau da kai da sauri.

Ya sauko a hankali. Yahuza ya riga shi magana.

"Wallahi Baba, ban taɓa ɗaukar mota a matsayin soro ba. A tasha kowa na hawa rufi ɗaurin kaya, ba mai cewa komi. Kaicona. Matan mutane!"

Baba Magaji ya warware rigarsa. Ya dube shi cikin ido ya ce, "Shanun Jaye nawa ne?"

Yahuza ya saki tsanin.

"Ban ƙirga ba. Amma na gan su. Akwai wata ja mai ɗingishi, ita ke fita ƙarshe."

"Ashe kana kallo."

"Ido gare ni, Baba. In na ce ban gani ba na yi maka ƙarya."

Baba Magaji ya juya amsar nan a ransa. Maƙaryaci zai ce bai ga komai ba. Amma wanda ya ƙware, ai irin wannan amsar zai bayar, don a ce mai gaskiya ne. Ya zo neman abin da zai kwantar masa da rai, ga shi zai koma da abin da ya zo da shi. Sai kawai ya gaya masa saƙon mai gari, bai rage komai ba.

Yahuza ya daɗe yana kallon rufin motarsa. Can ya ce, "Ka yi mani kiran nan sau ɗaya. Hawa na ƙarshe zan yi."

Yinin ranar ya yi shi bisa rufi yana yaƙi da aikin hannunsa. Notin da ya daddake don ɓarawo, shi ma suka ƙi shi. Sai da ya sa zarto ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe ya yi zafi har yana naɗe hannu da tsumma. Mutane suka taru nesa-nesa suna kallo, ba wanda ya matso. Kafin magariba ya sauke pano biyun, ya toshe hudojin da roba, ya ja motar ya kawo ta gindin bedi. Ya jingina farantan a ƙasa, can gefen hanya inda rana ke faɗa, ya ja doguwar waya zuwa batir.

Jaye ya zo wucewa ya tsaya.

"Yanzu ka aje su ƙasa, ba ka tsoron a ɗauke?"

"Ina tsoro mana," in ji Yahuza. "Su ne duk abin da na mallaka. Sai dai ku ma ku riƙe mani amana."

"Ji mutum! Mu ne ma ɓarayin yanzu." Jaye ya yi dariya, amma washegari ya matsar da shanunsa kusa da gidan ƙaninsa.

Ranar kasuwa, tun ba ta ci ba, Baba Magaji ya je gaban mai gari, mutane cike da zaure. Ya ce ya tsaya wa baƙonsa.

"Ka tabbata da shi?" in ji mai gari.

"Ban tabbata ba, ranka ya daɗe. Na dai tsaya."

Ba a kira jandarma ba. Ba a kuma saci ko ɗan maraƙi a garinmu a ranin nan ba. Wasu suka ce ka gani, an zargi bawan Allah a banza. Wasu suka ce ai don an sa masa ido ne. Direbobi biyu suka ba shi aiki, wani mai sayar da ƙanƙara ma ya yi niyya, matarsa ta hana. Shi kansa Baba Magaji, duk daren Allah sai ya leƙa ta zaure ya ga ko motar na nan kafin ya kwanta, bai kuma taɓa faɗin ko gadin baƙon yake yi ko gadin gari ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da Yahuza ya shirya komawa Sae Sabuwa. Aka aike ni in kai masa fura ta guzuri. Na same shi yana naɗe doguwar wayar a gwiwar hannu. Ya karɓa, ya sa albarka, har na juya ya kira ni.

"Naja'atu, ɗiyata, wata alfarma nike nema. Ke kina shiga inda ba na shiga, kina jin abin da ba a faɗi gabana. Baɗi in an gama kaka zan kira wayar Babanki. Shi cewa zai yi in zo, ko ransa bai so ba, don kunya. Ke nike so ki karɓi wayar. In garin bai son ganina, ki ce mani kar in zo. Ba zan tambaye ki wa ya faɗa ba."