Mizanin Motar Yayana

Yayana makanike ne, kuma tun muna yara aka san hannunsa. A unguwarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan, duk injin da ya ƙi tashi, na niƙa ne ko na ɗebo ruwa, ƙofar gidanmu ake ajiye shi. Da ya girma ya buɗe warsha, wato garejin gyara, a bayan kasuwar amfanin gona, inda ni kuma nake aikin awon riɗi da dawa. Taraktocin manoma da motocin ɗaukar kaya yake gyarawa ya ci abinci, amma ransa yana kan wata ƙaramar mota fara, tsohuwa, da ya saya ba ta ko motsi. Sai da ya kwance ta kaf ya sake haɗawa. Idan ya tayar da ita da safe, matarsa takan ce har kofunan shayi suna rawa a kan faranti.

A wajen gari, ta hanyar da ake bi zuwa Simsim, akwai wani fili da jiragen feshin gona suke sauka a da. An daina amfani da shi, amma ƙasarsa tana nan a daddaɓe, sumul, babu rami babu tudu. Nan wasu samari da magidanta masu son mota suke haɗuwa da safiyar Juma'a a lokacin rani. Sukan jera tsofaffin tayoyi su zana kwana-kwana, kowa ya zagaya shi kaɗai ana duba wanda ya fi sauri. Ba kyauta, ba komai. Kafin rana ta yi zafi an watse, kowa ya je ya yi wankan masallaci. Ni ban taɓa tuƙi a wurin ba. Zuwa nake in zauna a inuwar wata motar in sha jabana, gahawar garinmu, in kuma riƙe wa yayana kayan aiki.

Motar tasa da ƙafafun gaba take ja, kuma abin da ya dame shi da ita shi ne hancinta ba ya son shiga kwana. Zai murɗa sitiyari, ita kuwa ta riƙa turawa waje tana kwashe tayoyin da aka jera. Wata rana na same shi a warsha da wani ƙarfe dogo mai lanƙwasa a kai biyu, ya fi babban yatsana kauri. Ya ce mizan ne, na baya. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya nuna mini inda yake zama, yana haɗa ƙafar dama da ta hagu. Idan mota ta shiga kwana ta so kwantawa gefe ɗaya, ƙarfen ne ke murɗewa ya riƙe ta. Na asalin motar siriri ne. Wannan kuwa daga wata babbar mota ya ciro shi, ya buge bakunansa suka yi faɗi, ya huda ramuka uku a kowane baki.

"Ka ga na can ƙarshe?" in ji shi. "In na ɗaura a nan, ƙarfen yana da laushi, mota tana bin hanya yadda ta same ta. In na matso na ciki, ya yi tauri. Bayanta ya daina kwantawa, hancin ya shige kwana kamar an ja shi da igiya."

Na ce, "To ka bar shi a na ciki mana, ka huta."

Ya yi dariya ya ce in bari sai Juma'a.

Ranar Juma'ar ya sa ni a gaba, ya ɗaure ni da bel. A ramin ƙarshe motar ta ɗan gyaru. A na tsakiya ta yi daɗi, har ni da ban san komai ba na ji bambanci. Da ya mayar ramin ciki sai ta zama wata mota daban, tana juyawa tun kafin in ga ya taɓa sitiyari. A zagaye na gaba, muna tsakiyar kwana, ya ce, "Riƙe da kyau," ya ɗage ƙafarsa daga totur lokaci ɗaya. Bayan motar ya wulla gefe, muka juya muna kallon inda muka fito, ƙura ta rufe mu. Ni na riƙa salati, shi yana dariya har da hawaye.

"Ka gani?" ya ce. "A nan ba abin da za mu buga sai ƙura. A titi akwai rami, akwai jaki, akwai lori. Ƙafa ɗaya ta faɗa rami, ƙarfen ya kai wa ɗayar labari, duka biyu su saki ƙasa."

Babanmu ya daɗe yana tuƙin tarakta a gonakin Simsim kafin ya samu tasa gonar kusa da Ƙala'at an-Nahal. Bai taɓa hana yayana zuwa filin ba, bai kuma taɓa yabawa ba. Wata Juma'a yayana ya dawo bai sassauta ƙarfen ba, ya ɗauki Baba zuwa masallaci. Titin unguwarmu duk ramuka ne. Da suka dawo Baba ya fito yana dafe da ƙugu, ya zagaya bayan motar, ya danna ta da hannu biyu, ta ƙi lotsawa yadda ya sani.

"Me ka sa mata?"

Yayana ya faɗa masa. Baba ya saurara har ƙarshe, don shi ma ya san ƙarfe. Sannan ya ce, "Wasanka naka ne, ban shiga ba. Amma kada ka sake hawa titi da ita a haka. A titi ba kai kaɗai ba ne."

"To, Baba."

Ya kuwa riƙe. Daga ranar, duk sanda aka tashi daga filin, sai ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ya kwance dama ya kwance hagu, ya mayar da su ramin ƙarshe. Abokansa suna tsokanarsa, suna kiransa da Larabcin garinmu, "Ya zol, gidanka fa ga shi can, har sai ka yi wannan wahala?" Shi dai ya ce in miƙo sifana. Ya yi rani biyu yana haka, ban ga ya tsallake ko sau ɗaya ba.

Ranar da abin ya faru, damina tana bakin shigowa. An riga an yi yayyafi a kudu, Baba ya tafi gona tun satin da ya wuce don ya shirya shuka, yana kwana gidan ƙaninsa, kawunmu. Mutanen filin sun ce wannan ce Juma'ar ƙarshe, don da ruwa ya sauka baƙar ƙasar nan tamu ba ta barin kowa ya wuce. Yayana ya yi tuƙi mai kyau a ranar, ya fi kowa. Ya fito yana murmushi, ya shimfiɗa buhunsa, sifana na hannunsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Kawu ne. Ina tsaye kusa, na ga fuskarsa ta canza.

"Baba ya faɗi a gona," ya ce mini. "Kawu ya ce jikin ya yi tsanani, mu taho yanzu."

Ya dubi sifanar, ya dubi motar. Aikin ba mai tsawo ba ne, amma sai an kwanta, sai an yi fama da noti mai zafi, wani lokaci sai an ɗan ɗaga motar kafin rami ya yi daidai. Ya jefa sifanar kujerar baya.

"Zan bi da ita a hankali. Shiga."

Da farko ya bi a hankali. Muka zagaye gari muka hau kwalta. Sai wayar kawu ta daina shiga, ya gwada ya sake gwadawa, ni kuma ina kallon allurar gudu tana hawa kaɗan-kaɗan. Gabanmu hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Can muka shiga inda aka yi ruwa da safe, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar. Taraktocin da ke fitowa daga gonaki sun kwaso laka sun shafe kwaltar da ita, tana ƙyalli.

Akwai wata doguwar kwana kafin wata ƙaramar gada. Muna tsakiyarta muka ga shanu suna hawowa titin daga kwarin. Ba birki ya taka ba, ƙafarsa kawai ya ɗage, abin da kowane direba zai yi. Na ji ƙafar baya ta bugi wani rami, sannan na ji abin nan da na taɓa ji a filin, bayan motar yana tafiya shi kaɗai. Na ga hannuwansa suna kama sitiyarin da sauri, ya kusa dawo da ita. Sai ƙafafun suka sauka daga kwalta. Na ji ya ce, "Ya Allah." Muka kife.

Makiyayan shanun ne suka ciro mu. Ni ƙashin kafaɗa ne ya karye, sai yanka a goshi. Shi gefensa ne ya bugi bakin gadar. Idonsa biyu, yana magana, yana cewa su ɗaga shi ya tashi, akwai inda za shi. Wani mai lori da ya fito daga gona ya kwantar da mu a kan buhunan iri ya mayar da mu Gadarif, ruwa yana dukanmu.

A asibiti aka ce ƙugunsa ya farfashe, bayansa ma ya taɓu. Da ya farfaɗo daga tiyata, abin da ya fara tambaya shi ne Baba. Innarmu tana zaune a bakin gadon, ta juya kai ta kalli bango. Kawu ne ya faɗa mana washegari, da ya iso. Baba ya rasu tun a gonar, kafin a kai shi inuwa. Lokacin da kawu ya kira, ya riga ya rufe masa ido. Ya ce bai iya faɗa wa ɗa a waya cewa ubansa ya mutu ba, shi ya sa ya ce jiki ya yi tsanani, kamar yadda kowa yake yi. Sun jira mu har bayan la'asar, da labarin hatsarin ya kai musu suka binne shi a can. Kawu yana faɗa yana kuka, dattijo da furfura. Yayana ya miƙa hannu ya riƙe nasa ya ce, "Kawu, ba kai ka tuƙa ba."

Ya daɗe a kwance. Damina ta wuce, aka yanke riɗi, aka yanke dawa, yana kan gado a tsakar gida, matarsa tana juya shi, ni ina zuwa da yamma in ɗaga shi a gyara shimfiɗa. Ya tashi daga baya, da sanduna biyu, ƙafar dama tana ja. Tuƙi kuwa ya ƙare. Motar an jawo ta an ajiye a bayan warsha, rufinta a lotse. Bai ce a gyara ba, bai ce a sayar ba.

Sau ɗaya kawai muka yi maganar. Na ce masa laka ce, kuma shanu ne, ko wace mota ce za ta iya zamewa a wurin. Ya ce, "Wataƙila. Da yana ramin ƙarshe, da hancinta ne zai tura, da na samu lokacin da zan rage gudu. Ko kuma da mun bugi saniya. Ban sani ba. Abin da na sani, Baba ya ce kada in hau titi da ita a haka, na ce to."  Ni ma nakan juya abin a raina idan na bi ta gadar nan, ban taɓa kai ƙarshensa ba.

Ya koma warsha yana zama a kujera, yana sauraron inji da kunne yana faɗa wa ma'aikatansa inda za su taɓa. Abokan filin suna zuwa gaishe shi. Wani daga cikinsu ya taɓa roƙonsa ya yi masa irin ƙarfen nan. Yayana ya tambaye shi ko da motar yake kai 'ya'yansa makaranta. Mutumin ya ce eh, da ita ne. Yayana ya ce to zai yi masa mai matsakaicin kauri, rami ɗaya, wanda zai iya mantawa da shi. Mutumin ya ce ba zai yi sauri a fili ba. Yayana ya ce haka ne, ba zai yi ba.

Sai da rani ya dawo, hanya ta bushe, sannan ya iya tafiya mai nisa. Muka hau motar haya zuwa Ƙala'at an-Nahal, na saya masa kujera biyu don ya miƙe ƙafar. Kawu ya tare mu da karo, keken jaki, don maƙabartar tana bayan gari kuma yayana ba zai iya takawa ba. Muka kwantar da shi a kan tabarma a bayan karon, jakin yana tafiya yana tsayawa. Kawu ya nuna mana kabarin, an dasa dutse a kansa, ƙasar ta tsattsage saboda rana. Ni na tsuguna. Yayana ya gwada, ƙugun ya ƙi. Ya tsaya a kan sandunansa, ya rasa hannun da zai ɗaga ya yi addu'a. Na tashi na shiga ƙarƙashin hammatarsa na tallafe shi, kawu ya karɓi sandunan. Ya ɗaga hannuwa biyu, ya daɗe yana addu'a, nauyinsa duk a kafaɗata da ta warke. Da ya shafa, ya ce wa kawu yana son ya ga gonar kafin mu koma. Muka mayar da shi kan karon muka nufi can.