Tambayar Shanun Huɗa

Ni da kunne nake rubutu. Marubutan da na sani kowa da hanyarsa. Akwai wata a Katsina da ba ta fara labari sai ta san ƙarshensa, har wanda zai mutu da wadda za ta fi kowa kuka. Akwai abokina da muka yi makarantar horon malamai tare, shi sai ya fara jera sunaye kamar mai rabon gado, sannan ya nemo wa kowa abin yi. Duk na gwada, ban iya ba. In ban ji muryar mutum tana yawo a kaina ba, sai in wuni gaban takarda ina cizon biro, in tashi da layi biyu marasa gishiri.

Koyarwa nake yi a wata firamare a Safana, rubutun kuma a gefe. Littattafaina ƙanana ne, na farkon an buga su, na baya-bayan nan a waya ake karanta su. Abin da masu karatu suka fi yabawa shi ne wai mutanena suna magana kamar mutane. Nakan yi godiya kawai, don na san maganar ba tawa ba ce. Ta Kawu ce.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye gaba da Wagini, a ƙasar Batsari. Gero da wake yake nomawa, ga 'yan awaki. Ban taɓa ganin mai baki irinsa ba. In ya ba ka labarin yadda jakinsa ya ƙi tsallake kwalbati, sai ka ji tausayin jakin, ka ji haushin kwalbatin. Bayan azahar sukan zauna gindin wata tsamiya kusa da masallaci, shi da tsaransa, ni kuma duk hutun ƙarshen mako da na samu sai in hau mashin in bi ta Runka in je in raɓe a gefen tabarma. Da ya hango ni sai ya ce, "To, ga mai satar baki ya iso, kowa shi riƙe nashi." A yi dariya, a matsa mini.

Aikina a wurin mai sauƙi ne. In jefa tambaya, in ja bakina. Ba na fito da biro, don da mutum ya ga biro sai ya gyara zama ya koma maganar rediyo. Yaya ake gane san huɗa ya gaji kafin ya kwanta a kunyar gona? Me mace ke cewa in ta zo aron turmi gidan da ba sa ga-maciji? In an ba ni amsa ba na yarda da ita nan take, sai in bari a kwana biyu in sake tambaya, domin amsar farko ta baƙo ce, ta biyun ce ta gida. A hanyar dawowa kuma in yi ta maimaita abin da na ji, leɓena na motsi, har wani mai shayi a Runka ya ɗauka wuridi nake yi, yana ce mini Malam da girmamawar da ban cancanta ba. Shekaru na yi a haka, babu wanda ya ga aibunsa.

Sai daji ya lalace. Ba zan tsaya bayanin abin da kowa ya sani ba. Abin da kunnena ya fara kamawa shi ne maganar mutane ta canza. Aka daina cewa ɓarayi a fili, sai mutanen daji, ko kuma a ce an yi baƙi. Wata kalma kuma ta shigo daga Turanci ta zauna daram a bakin tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba: infoma. Na ji wani dattijo a kasuwar Batsari yana bayaninsa. Ya ce infoma ba baƙo ba ne, naka ne, ku ci tuwo tare, ya yi ta tambaya yana saurare, ya tashi ya tafi da maganar inda ba ka aike shi ba. Bayanin ya burge ni ƙwarai, har na maimaita shi a kan mashin don kada ya ɓace mini. Ko kusa ban ga kaina a ciki ba.

Lokacin ne na ƙudura rubuta littafi a kan abin da ya same mu. Haushi ne ya sa ni. Na karanta waɗanda ake rubutawa daga birni, bindiga ta ko'ina, jarumi na tsalle ta katanga, babu mutum ɗaya a ciki da ya san yadda ake kwana da takalmi a ƙafa. Ni manomi nake so, mai shanun huɗa biyu, wanda duk rayuwarsa ta rataya a kansu. Na samu muryarsa, na samu gidansa, na yi babi uku lafiya. A na huɗu na cije. Ina yake ajiye shanun? A turke a tsakar gida ba zai yiwu ba, kowa ya san an daina. Na ƙirƙiro rami, na ƙirƙiro kwazazzabo, duk na ji ƙaryarsu tun kafin tawada ta bushe. Sai na yi abin da na saba yi.

Farkon damina ne, an yi shuka, hanya ta ɗan lafa. Na tarar da majalisar ta ragu, amma akwai mutane, har da wasu da ban sani sosai ba, waɗanda suka taso daga ƙauyukan bakin daji. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Inna da yara da makaranta. Aka taɓa zancen taki. Da na ga hira ta yi laushi sai na ce, "Kawu, wai yanzu ina mutane ke ɓoye shanun huɗa?"

Wani ya shiga gyaran carbinsa, wani ya duba sama kamar hadari ya taso. Kawu ya dube ni, ba dariya a fuskarsa, ya ce, "Mi za ka yi da shi?"

Na ce, "Littafi ne, Kawu. Mutumin nawa shanu gare shi."

"To ka ba shi jaki," in ji Kawu.

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma akwai aminin Kawu a wurin, wani tsoho mai sanyin hali da muke kira Baba, wanda matarsa ta rasu a shekarar da ta gabata. Tun ina yaro yake ba ni gyaɗa. Ina jin bai so a kunyata ni gaban mutane ba. Ya ce, "Haba, yaron ga namu ne. Ni dai ɗakin marigayiya na sa nawa. Na fasa ƙohwar na ƙara mata hwaɗi, na fidda gadon. Da ɗakin shi zauna ba numfashi, gara su." Sannan ya ƙara da cewa, "In na ji suna tuƙa ta bayan bango, sai in ji kamar da mutum a gidan."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Irin daɗin da maƙeri ke ji in ƙarfe ya yi ja daidai. Ko shekara zan yi a ɗaki ban isa in ƙirƙiro wannan ba. Na baro ƙauyen leɓena na rawa, na iso Safana na zauna na rubuta babin a zama ɗaya, kuma har yau ban rubuta abin da ya kai shi ba.

Ba a kai ga maimai, noma na biyu, ba aka kira ni a waya. Mutanen daji sun shiga ƙauyen da la'asar sakaliya, mutane na dawowa daga gona. Ba su yi dube-dube ba, gidan Baba suka nufa, a gidan ma ɗakin. Ya tsaya a bakin ƙofar da ya faɗaɗa da hannunsa, ya ƙi matsawa. Nan suka harbe shi, suka kora shanun ta kansa.

Na je ta'aziyya washegari. Zauren cike yake. Na yi sallama aka amsa, na yi gaisuwa aka amsa, na yi addu'a aka shafa. Amma babu wanda ya matsa mini a tabarma. Na tsuguna a bakin ƙofa wajen takalma, ni da nake shiga gidan nan har madafa. Wani saurayi daga cikin 'yan sa-kai, da bindigarsa ta gargajiya a jingine, bai ɗauke ido daga kaina ba. Can Kawu ya miƙe ya taɓa kafaɗata, na bi shi muka zaga bayan rumbu.

"Ka hwaɗa ma wani?" ya tambaye ni.

"Wallahi, Kawu, ban faɗa wa kowa ba."

"Ka rubuta?"

"Na rubuta, amma babu wanda ya karanta. Ko mai ɗakina ba ta gani ba."

"Na yarda," ya ce. "Amma ni kaɗai na yarda."

Raina ya ɓaci, na manta a gidan makoki nake. Na ce mutum nawa ne a gindin tsamiyar nan ranar? Na ce shanu biyu a ɗaki ai ba allura ba ce, kullum sai an kwashe kashinsu, sai an kai musu ruwa, wane maƙwabci ne bai sani ba? Na ce shekara nawa ina tambaya a garin nan, wa na taɓa cuta? Kawu ya bar ni na gama tas.

"Duk mun sani," ya ce. "Mun sani, ba mu hwaɗa. Kai ka sa aka hwaɗa a bainar jama'a. Jiya sai da na dafa Alƙur'ani a kanka, na ce ɗan 'yar'uwata ne, haukan littahi ne ke damun shi. Hau mashin ɗinka ka tahi tun da rana. Kada ka tsaya Batsari shan ruwa. Kada ka dawo sai na kira ka."

Na tafi. A hanya, karon farko tun da na fara wannan sana'a, bakina a rufe yake, amma maganarsa sai da ta zauna a kaina kalma bayan kalma, yadda take a sama ɗin nan. Kunnen bai san an yi mutuwa ba, aikinsa kawai yake yi. Na tsani kaina a kan wannan fiye da komai.

Har yau ban san wanda ya kai maganar ba, ko ma an kai ta. Mai yiwuwa sun daɗe da sani. Na faɗa wa kaina haka sau ba adadi, wani lokacin in yarda, wani lokacin in ƙi. Abin da na sani shi ne Kawu bai kira ba. In na kira shi yakan ɗauka, mu gaisa, lafiya lau, lafiya lau, alhamdulillahi, ya ce a gaida Yaya, wato Inna, ya kashe. Mutumin da ke iya cinye rabin wuni a kan labarin jaki. Ba fushi nake ji a muryarsa ba, da fushi ne da na ji sauƙi. Taka-tsantsan ne, irin wanda ake yi da baƙo a mota.

Littafin yana nan a babi na huɗu. Na koma na gwada hanyar mutuniyar Katsina, na tsara ƙarshe, na kashe wanda zan kashe. Na gwada ta abokina, na jera sunaye. Manomin nawa ya buɗe baki sai na ji shi yana magana kamar mai karanta sanarwa. A Safana ma na daina zama majalisa, don na lura in na iso ana sauya zance a koma ƙwallo. Wataƙila zargina ne kawai. Masu karatu na aiko saƙo suna tambayar ina sabon littafi, wata har da cewa ko na yi kuɗi ne na manta da su.

Bayan an yi girbi, abin da aka samu aka girba, ƙauyen ya watse. Inna tana zaune tare da mu a Safana, kuma ita aka kira. Na dawo daga makaranta na same ta a tsakar gida tana tsintar wake a faifai, mai ɗakina na gefe tana ƙulla kuka da daddawa a leda.

"Kawunka sun tashi," in ji Inna.

Na yi salati, na zauna a kan turmi. "Har da yaran? Kowa lafiya?"

"Suna lahiya."

"Ina suka koma, Inna? Batsari ko Katsina?"

Ta ci gaba da tsintarta. Ta fitar da tsakuwa ta jefar, ta sake fitar da wata. Na ɗauka ba ta ji ba, na maimaita.

"Ya ce kada a hwaɗa," ta ce.

"Har ni?"

"Bai ce kai ba." Ba ta dube ni ba. "Ya ce duk wanda ya tambaya."

Na juya wajen mai ɗakina. Ƙullin da take yi na su Kawu ne, na gane daga yawansa, kuma ba a ƙulla saƙo sai an san inda za shi. Ta sunkuyar da kai tana ta ƙara wa ledar ƙulli a kan ƙulli, alhali ta riga ta ɗauru. Na ɗan zauna kaɗan don kada Inna ta ga kamar fushi na yi, sannan na ɗauki buta na ce bari in yi alwala.