Shafukan da Gara ta Cinye wa Kawu Haladu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawuna Haladu, tsohon malamin firamare a Paki, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da in ya sami littafi ko tuwo sai ya huce. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗauko ɗaya daga ƙagaggun labaran tarihin da marubutan Afirka suka rubuta da Turanci, idonsa na kan boko, bakinsa na zuba mana Hausa. Duk shafin da zai juya sai ya lashi yatsa.

Akwai wanda muka fi so, labarin wani masaƙi da Turawa suka kwasa aikin dole. Littafin ya tsufa, gara ta cinye shafukan ƙarshe, amma Kawu ya ce ya haddace su: masaƙin ya dawo gida, 'yarsa ta tare shi da ruwa a ƙofa. Matarsa, Inna Asabe, ba ta taɓa bari wurin nan ya wuce ta ba. Ita ma tana ƙarama aka tafi da mahaifinta haƙar kuza, abin da ake kira ɗiban gwamna, kuma bai dawo ba.

Yanzu masu ɗab'i sun waiwayi tsofaffin littattafan nan, suna sake buga su da sabon bango. Nakan tambayi kaina, da Kawu na nan me zai ce? Murna zai yi, ko zai yi mitar cewa takardar ba ta ƙanshi? Da wani ɗan Makarfi ya kawo mini sabon bugun littafin namu, ƙarshen na fara buɗewa. Kai jama'a! Ashe masaƙin a can ya mutu. Kawu ne ya dawo da shi.

Abin ya dame ni, domin Inna, wadda idonta ya tafi, ta ji labari ta ce lallai in zo in karanta mata. In faɗi abin da marubucin ya rubuta, ko abin da mijinta ya ba ta?

Na je na fara karanta mata, da na iso shafukan ƙarshe sai na tsaya. Ta yi dariya.

"Ɗan nan, me ka tsaya yi? Ya mutu ko?"

"Inna, kin sani?"

"Yo ni yarinya ce? In Malam ya zo nan, yakan daina lasar yatsa. Shekara da shekaru ina kallonsa."

Har yau ban yanke wa ya fi gaskiya ba, marubucin ko Kawu. Na dai san wanda nake kewa. Inna ta lalubo littafin a hannuna ta rufe shi.

"Na ji nasu," in ji ta. "Yanzu faɗa mini na Malam. Ka kai shi har ƙofa."