Kwamfutar Abdu da Muka Saka Cikin Gado

Shekara tara ke nan cif da rasuwar ƙanena Abdu, wanda duk Tanut ta sani da Abdu Waya. Kowace shekara in watan ya zagayo nakan soya waina in raba sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Bana ne 'yarsa Salamatu, wadda na riƙa tun tana da shekara goma sha biyar, ta gama karatu a Damagaram ta dawo da niyyar ta zauna garin nan ta ɗora daga inda ubanta ya tsaya. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya kamar ta zauna kusa da ni. Yadda maganar ta ƙare shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma gara in faɗa tun yanzu, da takaici nake rubutun nan.

Ni sakatariya ce a buro, wato ofishin wata tarayya ta ƙungiyoyin manoma da makiyaya. Aikinmu bai da wani kwarjini. Mutanen Falanko da Gangara da Ollelewa, har da na arewa wajen Belbeji, su kawo sunayen masu buƙatar iri ko dusar dabbobi ko rigakafin bisashe, mu buga, mu tura Yamai ta intanet kafin ranar da aka yanke. In ranar ta wuce, ta wuce. A zamanin Abdu intanet ɗin ta farantin tauraron ɗan Adam da ke kan rufi yake sauko mana, siriri kamar famfo mai ɗiga, ga kwamfutoci shida a buron, ga wayoyin ma'aikata, kowa na jan nasa.

Abdu bai da babbar takarda. Gyaran rediyo ya fara, ya koma gyaran wayar hannu, daga nan ya faɗa karance-karancen da ni ban taɓa gane kansu ba. Wata rana ya dawo daga kasuwar Damagaram da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya da kuɗin aljihunsa, jikinta duk ya koɗe. Ya ƙara mata wata kafar shigar waya, ya zuba mata irin manhajar nan da masu ita suka bar wa duniya, kowa ya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka haɗa ta, ya gyara daidai buƙatarsa. Sai ya tura ta ƙarƙashin tebur a buronmu, tsakanin wayar da ta sauko daga faranti da sauran kwamfutocinmu. Ba allo, ba madannai, sai gurnani.

Aiki biyu take yi, kamar yadda ya bayyana mini sau ɗaya tak. Ita ke raba intanet, ta san wanda za a fara ba da wanda zai jira. Ita ce kuma mai gadi, duk wanda ya so leƙo cikin kwamfutocinmu daga waje sai ta tare shi. Ya tsara ta yadda jerin sunaye zai fara wucewa kafin komai. Direbanmu, wanda ba ya iya yini bai kalli kokowa a waya ba, ya sha zuwa yana kumfar baki wai Abdu ya tsane shi. Abdu ya yi dariya ya ce, "Bari dusar mutanen Belbeji ta wuce, sai a sako maka 'yan kokowarka." Shekara huɗu muka yi a haka, ban tuna ranar da muka makara da tura sunaye ba.

Kada a ɗauka Abdu makaho ne a kan abinsa. An taɓa kawo masa hoton akwatin da kamfanoni ke ƙerawa musamman don wannan aikin, ƙarami, a rufe ruf, ya zo da komai a ciki. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mini, "Yaya, wannan ya fi tawa kyau, ya fi ta jure zafi, ba ya cin batir." Gaskiya ya faɗa, don tasa in bazara ta kama, fankarta kuka take kamar za ta tashi, kuma ita ke fara shanye batiran sola. Abin da ya ƙi shi ne mu dogara da abin da ba za mu iya buɗewa mu gyara da hannunmu ba, a garin da mai gyara sai ya yi yini a mota kafin ya iso.

To amma Abdu, Allah ya jiƙanka, ka ba ni haushi, kuma har yau haushin bai gama sauka ba. Ya fi sau ashirin ina ce masa ya rubuta yadda ya tsara abin nan, ko a littafin 'yan makaranta ne. Kullum amsar ɗaya ce: "Gobe, Yaya." Bai rubuta ba. Bai zaunar da kowa ya koya masa ba. Mutumin da ke ta wa'azin cewa ilimin nan na kowa ne, shi ne ya tara nasa duka a cikin kai ɗaya. Sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana huɗu.

Ga inda nawa laifin ya shigo. Bayan sadakar arba'in, malamin da zai raba gado ya ce a tattaro duk abin da mamaci ya mallaka, ko allura ce, don haƙƙin marayu ba abin wasa ba ne. Ni aka ɗora wa tattarawar. Na kwaso kayan gyaransa, na kwaso babur, sai na tuna da tsohuwar kwamfutar. Na san da kuɗinsa ya saye ta. Na duƙa na dube ta, ba allo, ba mai zama gabanta, na ce wannan ai tun da mai ita ya tafi ba ta da sauran aiki. Bayanin da ya taɓa yi mini ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba. Na zare wayoyinta, na goge ta da gefen zanena, na ɗora a kai na kai gida ina jin na sauke amana.

A ranar intanet ya ɗauke. Kowa ya ce faranti ne, aka hau rufi ana juya shi gabas da yamma. Da yake kwamfuta ba ta rabuwa, malam ya ce a sayar a raba wa magada, aka sayar wa wani mai tura waƙoƙi a wayoyin mutane. Sai bayan mako biyu wani ma'aikaci ya zo daga Damagaram, ya ga wayoyi biyu a yashe ƙarƙashin tebur ya ce, "Me ke nan wurin da?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na ruga wurin mai waƙoƙin, ya riga ya share komai. Aikin shekara huɗu ya koma ma'ajiyar kiɗan biki.

Daga nan muka shiga zamanin akwati. Wani furoje, wato shirin masu ba da tallafi, ya kawo mana na farko, fari fes, da fitilu shuɗaye. Ba zan yi masa sharri ba, shekara uku ya yi ba mu ji kansa ba, ba kuka, ba zafi. Har na fara cewa a raina ko Abdu taurin kai ne kawai ya yi. Sai furojen ya ƙare, ashe akwatin yana da lasisi da ake sabuntawa kowace shekara, kuma ba mu aka ba lambar sirrinsa ba. Fitilun suna nan suna ci, amma ba mai iya canza komai a ciki. Da muka samu layin intanet na biyu ta katin waya, aka ce sai an turo mutum ya haɗa. Muka jira mutumin wata guda. Wani furojen ya zo da nasa akwatin, na wani kamfani dabam, aka sauke na farkon aka ajiye saman kabad, yana nan har yau. Shi ma na biyun da masu shi suka tafi sai ya bi sawun ɗan'uwansa.

Shekarar da ta fi ci mini rai ita ce wadda ciyawa ta yi ƙaranci a arewa. Shugabannin makiyaya suka zo da sunaye, wasu kwana biyu suka yi a hanya. Na buga komai tsaf. Ranar turawa akwatin ya ƙi, kuma ba mu da ikon ko leƙa cikinsa mu ga me ke damunsa. Takardun sun yi wa waya nauyi. Sai da muka zuba su a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, muka ba direba ya garzaya Damagaram, ya isa an tashi daga aiki. Dattawan nan ba wanda ya zage ni. Gaisuwa suka yi mini suka hau hanya, da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Nakan tambayi kaina me Abdu zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da abu ɗaya: yanzu akwai ƙananan kwamfutoci da ba su fi kwalin sukari ba, ba fanka, ba cin batir, kuma suna ɗaukar irin manhajar da ya so. Aibin da ake yi wa tasa ya kau ke nan. Na san kuma zai tsaya gaban kabad ɗin nan ya ɗaga kai ya yi tsaki. Amma da zan samu minti biyar da shi, ba zan bar shi ya yi tsakin shi kaɗai ba, sai ya ji nawa.

Irin wannan ƙaramar kwamfutar Salamatu ta shigo da ita taron komite a farkon shekarar nan, lokacin da ake shawarar abin da zai maye gurbin akwati na biyu. Ta karanci aikin nan sosai, tana da takardar da ubanta bai samu ba. Ta haɗa abin a gaban kowa, intanet ya dawo kafin shayi ya huce. Ta fito da littafi, ta rubuta kowane mataki da Faransanci da Hausa. Ta ce za ta koya wa mutum biyu a buron, kuma lambar sirri za ta zauna a hannun komite. Abin da take nema kawai a ɗauke ta aiki ta riƙa kula da shi. Ina daga gefe ina rubuta rahoton taro.

Shugabanmu, dattijo ne mai mutunci, ya gyara zama ya ce, "'Yata, aikinki ya yi kyau. Amma in ya lalace wa za mu kama?"

Ta ce, "Ni, Baba."

Ya ce, "In aure ya kai ki wani gari fa? In kuma Allah ya yi ikonsa, kamar yadda ya yi a kan mahaifinki? Mun ga wannan sau ɗaya."

Bai dube ni ba, amma kowa a ɗakin ya san wanda ya zare wayoyin. Salamatu ta ɗaga littafin ta ce don haka ta rubuta. Wani wakilin makiyaya ya ce shi dai ya fi yarda da mutumin da ya san ƙofar gidansu a kan lambar tarho ta Yamai. Sai ma'aji ya kawo maganar da ta kashe bakin kowa: masu ba da tallafi suna son kaya mai garanti da hatimin kamfani, abin kyauta ba su san inda za su sa shi a rahotonsu ba. Aka ɗaga hannu. Akwati na uku ya ci, ni kuma na rubuta hakan da hannuna.

Na kwana biyu ina fushi da shugaba, daga baya na ga ba ƙarya ya yi ba. Tsoronsa mu muka koya masa, ni da Abdu, shi da gobensa ni da gaggawata. Abin da ke ƙona mini rai shi ne darasin da aka ɗauka. Kwamfutar Abdu ba lalacewa ta yi ba, mutum ɗaya ne ya san ta. Maimakon a ce to bari mutum uku su sani, sai aka ce gara kada kowa ya sani a garin nan gaba ɗaya.

Salamatu ta yi wata biyu a gida tana gyaran wayoyin maƙwabta. Kamfanin da ya kawo sabon akwatin ya ga yadda ta taya ma'aikatansu haɗawa, suka kira ta Yamai. Ban hana ta ba, da wane bakin? Na raka ta tasha, na dawo na tarar da ɗakinta a share.

In aka tambaye ni me ya rage na Abdu bayan shekara tara, ba babur, ba kayan gyara, ba ko layi ɗaya na rubutunsa. Hannunsa ne ya rage, da kaifin kansa, kuma suna jikin yarinyar nan, har da abin da shi ya rasa, wato haƙurin rubutawa da koyarwa. Allah ya dawo mana da shi har cikin buro, muka sa shi a mota.

Makon jiya aka ƙara mana kwamfuta ɗaya, akwatin ya ƙi karɓar ta. Na kira Salamatu a wayarta. Ta ce daga inda take zaune tana ganin akwatinmu a allonta, ta ga matsalar, aikin minti biyu ne. Na ce to bismilla. Ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, na sa hannu a takarda. Sai kin rubuto buƙata an ba ta lamba, shugabana ya amince."

Na zauna na buga wasiƙar. Na rubuta "Zuwa ga Madam teknisiyan", na roƙe ta da girmamawa ta duba kokenmu, na buga hatimi na tura. Yau kwana shida muna layin jira. Allah ya jiƙan Abdu, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini.