Gudun da Babu Saƙo a Cikinsa

In ana neman wawa a cikin wannan labari, kada a wahalar da kai, ni ne. Na faɗa tun da wuri don masu dariya su yi su gama, mu samu wurin magana.

Ni dai lakol, wato makarantar boko, ban yi nisa ba. Na iya rubuta abin da ke raina, na iya karanta allon bakin hanya in motar ba ta cika sauri ba. Malaminmu ne ya fara lura cewa ilimin da Allah ya nufe ni da shi duk a ƙafa ya sauka, sai ya riƙa aike na. Daga aiken malam na koma aiken gari. A ƙauyenmu, nan kusa da Gidan Rumji, kafin zuwan salula, in aka yi rasuwa ni ake kira. Ana haƙa kabari ni ina hanya, don dangin da ke nesa su samu jana'iza, in ta wuce su kuma su samu zaman makoki. Na kai saƙo garuruwan bakin gulbi, na kai wajen Tibiri, na kai rugagen Fulani ta gefen Sae Sabuwa. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa mini rawani, amma aikin yana da ladabinsa. Ba ka tsayawa gaisuwa. Ba ka faɗa wa mace a bakin rijiya ko da ta riƙe maka riga, sai ka isa gaban babban gida. Kuma da zarar ka hango garin da aka aike ka, sai ka cire hula ka riƙe a hannu, don mutane su fara tattara zukatansu kafin ka buɗe baki. Haka na tarar da wanda na gada yana yi, haka na yi har furfura ta fara leƙowa. Sai salula ta zo ta karɓe aikin, ita da ba ta da hula balle ta cire.

Mai ɗakina ta rasu da kaka, ana cikin girbin gero. Ciwon bai daɗe ba. Ɗiyarmu, wadda ke aure a Gazawa, ita ta zo ta yi jinya. Ina zaune a ƙofar ɗaki, ban gama gane abin da ya same ni ba, sai na ji muryarta a bayan danga tana faɗa wa dangin uwarta a salula. Kafin in nemo takalmina garinsu duka ya ji. Na kai mutuwar mutanen da ban taɓa cin tuwonsu ba, tata kuwa wani ɗan ƙarfe ya kai. Yarinyar dai daidai ta yi. Suka zo, suka yi gaisuwa, suka koma. Bisa al'ada sai in bi su in yi musu ban gajiya. Kullum ina cewa gobe.

Bayan an share makoki ɗiyar tawa ta fara.

"Baba, ka haɗa kayanka mu tahi Gazawa."

"In bar wa wa gidan?"

"In ka faɗi cikin ɗakin nan, wa zai sani?"

"Ni da ban taɓa faɗuwa ba ko a laka?"

"Baba, ka tsufa."

Kalmar nan ta fi mari zafi, kuma a hankali ta faɗe ta, kanta a sunkuye. Na yi ta ja mata rai har sanyi ya wuce, bazara ta kama. Ana haka na ji a rediyo cewa samarin Gidan Rumji sun shirya irin dogon tseren nan da ake kira maraton: a fita gari, a ratsa ƙauyuka, a zagayo a dawo. Da ta sake zuwa da maganarta sai na gyara zama, na yi fuskar alƙali.

"To, ga shari'a. In na gama tseren nan da ƙafata, ki bar ni a gidana. In na kasa, ki turo mota."

"Baba, da girmanka?"

"Ai girman ne zai yi gudun."

Ta yarda. Daga baya na gane ta yarda ne don tana zaton ba za su karɓe ni ba. Ba ta yi kuskure sosai ba. Da na je wurin rubuta suna, wani saurayi da ke bayan tebur ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, wa ka rako?" Na ce, "Ƙafafuna." Suka tura ni wurin majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, ya ce zuciyar nan ta fi tasa lafiya. Suka ce akwai gajeren gudu na dattawa. Na ce wannan su ajiye wa kakanninsu.

Kada wani ya ce ban shirya ba. Kowace safiya ina zagaya gonaki kafin rana ta ɗaga, ina dawowa ban ko nishi. Hura nake sha mai kauri. Mijin ɗiyata ya aiko mini da takalmin gudu, wataƙila don ya ga ƙarshen abin da wuri, na saba da su har suka zama kamar fatata. Na san kuma hanyar tseren za ta ratsa garin su mai ɗakina. An faɗa mini. Na ce to, hanya ce kamar kowace hanya.

Ranar tsere an ce da sassafe za a tashi. Amma manya ba su iso ba, kuma ba a gudu sai manya sun yi jawabi. Da suka iso kowa na da abin faɗa. Kafin a busa usur rana ta riga ta hau, irin ranar bazarar nan da kaza ke yawo baki buɗe. Samari suka fashe kamar an kunce awaki. Ni kuwa na kama sassarfata ta da, wadda ba ta da kyan gani amma ba ta ƙarewa. Muna barin kwalta muka shiga jan birji sai na fara tsintar su ɗaya-ɗaya a gindin itatuwa, wannan ya riƙe ciki, wancan ya cire riga yana fifita. Ina wucewa ina ce musu sannu da hutawa. Duk inda aka miƙo ruwan leda na karɓa na sha, na zuba saura a ka. Na faɗi wannan ne don masu cewa ƙishirwa ce su nemi wata magana. Wallahi a lokacin nan daɗi nake ji. Tun rasuwar ban ji jikina ya zama nawa ba sai ranar. Har na fara tsara yadda zan gyara rufin ɗakinta kafin damina.

Sai na hango kukar da ke bakin garin su mai ɗakina.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ni dai na ga yara a gefen hanya suna ihu suna tafa wa masu gudu, na wuce su. Matan da ke bakin rijiya ne ba su tafa ba. Wata tsohuwa ta saki igiya, guga ya koma ƙasa. Na ji an ɗauki salati daga nan, an amsa daga can, ƙofa bayan ƙofa, kamar wuta a karan dawa. Wata ta ce, "Ga shi nan! Hula a hannu!" Na duba hannuna. Ga hula kuwa.

Wani dattijo, ɗan'uwan mai ɗakina, ya fito daga zaure yana saɓa riga, ya tsaya tsakiyar hanya ya tare ni.

"Faɗi. Mun dangana."

"Ba kowa," na ce, ina haki.

"Ƙaƙa ba kowa?"

"Tsere nake."

"Tsere? Kai da wa?"

Na nuna masa lambar da aka maƙala mini a riga. Ya dubi lambar, ya dubi furfurata, ya dubi hular. Wasu suka fara dariya, wasu suka fara faɗa. Amma akwai wata mata da ta zauna daɓas a ƙasa, ba ta dariya ba ta faɗa. Ɗanta ya tafi ci-rani, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, kuma ta riga ta gama yarda cewa nasa na kawo. Sai da na durƙusa gabanta na rantse mata ban san komai game da shi ba. Ta ce, "To in ba ka sani ba, mi ya sa ka cire?" Samarin tsere suna ta wuce mu, ba wanda ya san abin da ake ciki.

Na mayar da hula, na miƙe, na ce wa ƙafafuna mu tafi. Suka ƙi.

Wannan wurin nake so masu ilimi su saurara da kyau, don har yau ba wanda ya warware mini shi. Ba ciwo na ji ba. Jijiya ba ta ɗaure ba. Numfashina ya dawo daidai, idona garau, kaina bai juya ba. Ƙafafun ne kawai suka zama kamar an ɗura musu jiƙaƙƙen rairayi tun daga cinya har tafi. In na ɗaga ɗaya sai in ji kamar aro na yi. Na ja su a haka, na wuce masallaci, na wuce ƙofar gidan da na taɓa zuwa zance ban waiwaya ba, na fita garin. Waɗanda na ce wa sannu da hutawa suka riƙa wuce ni suna mayar mini da gaisuwata. Amalanken jaki ɗauke da kara ya wuce ni. Na yi wa ƙafafun nan magana mai daɗi, na tuna musu rairayin da muka keta tare, na zage su. Daga bisani na isa gindin wani gawo na ce bari in ɗan jingina, sai na tsinci kaina a zaune.

Nan ƙanwar mai ɗakina ta same ni. Ita ma yanzu tsohuwa ce, amma tun tana yarinya muke wasa, kuma bakinta bai tsufa ba. Ta biyo ni daga gari da ƙwaryar ruwa.

"Mijin yaya, an ce doki ya faɗi."

"Hutawa yake, amarya."

"To sha. Wata nawa muna jiran ban gajiya, ashe sai an sa maka lamba kake zuwa."

Ta zauna nesa kaɗan har kabu-kabun da ke kwashe waɗanda suka gaza ya iso. Na ce ba zan hau ba. Ta ce wa mai babur, "Ɗauke shi, in ya ƙi ka ɗaure shi kamar rago." Haka na koma Gidan Rumji a bayan wani, ana raba wa waɗanda suka gama kyaututtuka.

Majo ya sake auna ni, ya matsa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce bai ga komai ba, zafi ne da shekaru. Na ce zafin ni kaɗai ya sani? Maƙwabcina ya ce baki ne. Wani ya ce takalman ne. Wani malami ya ce na taka wurin da bai kamata ba. Na saurari kowa da ladabi. Abin da ya fi ba ni haushi, kwana kaɗan bayan nan na tafi kasuwa a ƙasa na dawo a ƙasa, ƙafafun suna ta rawar jiki kamar ba su ne suka tozarta ni ba.

Yanzu a Gazawa nake, a zauren surukina, ina kallon babura suna wucewa iyaka. Ana kula da ni, ba ni da abin cewa. Amma kada a ɗauka cika alkawari ne ya sa ni cikin motar, don ranar da motar ta zo na so in warware shi.

Ɗiyata ta iso da hantsi, ƙanwar uwarta ta zo taya ta ɗaure kwanonin marigayiya. Na zauna kan turmi a tsakar gida na buɗe shari'a sabuwa. Na ce tseren bai inganta ba, tunda manya sun makara. Na ce gari guda ya tare mini hanya, wannan ba laifin ƙafa ba ne. Na ce a ba ni baɗi. Ɗiyata tana tsaye da ƙullin kaya a hannu. Da na ga hujjojin sun ƙare sai na faɗi wadda ba ta cikin shari'ar.

"Ɗakin nan nata ne. Kabarinta ga shi can bayan gari. Ba zan tahi in bar ta ita kaɗai ba."

Na ga idon ɗiyata ya cika, na ga ta fara sauke ƙullin ƙasa. Saura kaɗan in ci. Sai ƙanwar ta fito daga ɗakin da tukunya a hannu, ko kallona ba ta yi ba.

"Ranar da ta haifi wannan da ke tsaye, kana hanyar Tibiri da mutuwar wani, ni na yanke cibi. Tana da rai ta saba zama ita kaɗai, mijin yaya. Yanzu da ba ta jiran kowa ne ka koyi zaman gida? Ɗauki butarka."